Gyaɗar Tela a Gidan Silima

Da Tela ya san abin da aljihunsa zai jawo wa 'yarsa a ranar Asabar ɗin nan, da ya bar rigar a jikin ƙusa ya fita da singileti. Amma bai sani ba. Shi da kansa kuwa ya ɗinka aljihunan, guda biyu daga ciki, kowanne zai haɗiye kaza da ranta ba a ga alama ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta sami aiki a gidan silima da ke saman wani babban kanti. Aikin gwaji ne na mako biyu. Su biyu aka ɗauka, ita da wata doguwar yarinya, manaja kuma ya ce ranar Asabar ta biyu zai duba wadda ta fi kawo wa gidan ciniki, ita zai riƙe. Tun da Tela ya ji wannan magana hankalinsa bai sake kwanciya ba. Shekara biyu yarinyar nan ta yi tana yawo da takardu a ambulan. A makon nan sai da ya ɗinka wa wani mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya kuma tsaya yana rantsuwa cewa ƙafar mutumin ce ba daidai ba.

Ran Juma'a, yana taka keken ɗinki, dabara ta faɗo masa. Gidan silima da me yake ci? Da tikiti mana. To shi zai je ya sayi tikiti, ciniki ya ƙaru, ba tare da Auta ta sani ba, domin ta riga ta roƙe shi kada ya taka wurin.

Matarsa ta ce tunda zai je, ya tafi wa yarinyar da abin taɓawa, ita da abokan aikinta, don su san daga gidan mutunci ta fito. Ta soya gyaɗa kwano biyu. Hannunta dama da nauyi wajen gishiri, har likita ya taɓa tambayar Tela ko a bakin teku yake kwana. Ranar kuma tana cikin suya ƙanwarta ta kira a waya, da ta dawo ta manta ta zuba, ta sake zubawa.

Ran Asabar da ƙarfe biyu na rana Tela ya isa, rigarsa ta kumbura ta gefe biyu. Ya ce wa mai sayar da tikiti a ba shi guda biyu. Matar ta leƙa bayansa ta tambaya ina ɗayan. Ya ce shi kaɗai ne. Ta ce to na biyun fa? Ya ce na hularsa ne. Ta dube shi, ta karɓi kuɗin.

Daga bayan wani ginshiƙi ya hango Auta cikin jar riga tana ɗura gugguru a ƙananan kwalaye, doguwar yarinyar kuma tana tsaye wajen firijin lemo. Idonsa ya kai kan allon farashi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kwali ɗaya na masarar da aka fasa, wadda rabinta iska ce, ya kai abin da yake karɓa in ya ɗinka riga har da maɓallai. Ya tausaya wa mutane ƙwarai. Ya sunkuyar da kai ya shige.

Ciki sanyi kamar an buɗe firiji. Ya zauna, ya ɗora hularsa a kujerar gefe tunda ta biya. Aka rage fitilu, hoto ya fito: wani mutum ya dawo gida a gajiye, bayansa na ciwo, matarsa ta kawo masa sabuwar katifa. Tela ya gyara zama, don labarin ya fara kama shi. Sai mutumin ya yi barci, aka rubuta lambar waya, aka koma maganar man goge haƙori. A nan ya gane talla ce, ya ji haushin ya biya kuɗi har sau biyu don a tallata masa katifa.

A gefen hularsa wata mata ce da 'ya'ya uku, ƙaramar tana kukan a saya mata gugguru, uwar tana ce mata ta bari sai an jima. Tela uba ne, ba ya iya jin kukan yaro yana zaune da abinci a jikinsa. Ya zura hannu a aljihu ya cika wa yarinyar tafi. 'Yan'uwanta suka miƙo nasu. Uwar ta yi godiya, ta ɗanɗana, ta miƙa wa ta kusa da ita. Wani dattijo a baya ya taɓa kafaɗarsa ya tambaya ko sayarwa yake, Tela ya ce Allah ya kiyaye, kyauta ce. Kalmar kyauta ta bi layi-layi har bango. Kafin a gama tallan man haƙori, hularsa ta tashi daga kujerarta, cike da gyaɗa, tana yawo hannu zuwa hannu.

Abin da Tela bai sani ba shi ne, a daidai wannan lokaci ne Auta take shigowa da faranti rataye a wuya, ta bi layi tana sayar da gugguru kafin fim ya fara. Nan ne cinikinta yake. Ta shigo ta bi layin farko, ba wanda ya ɗaga hannu. Ta bi na biyu, haka. Kowa baki na motsi, ƙasa kuma sai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ta haska 'yar tocilarta, ta bi ɓawon gyaɗa kamar mai bin sawun ɓarawo, har hasken ya faɗa kan wata hula da ta sani tun tana rarrafe, daga hular kuma ya kai kan mai ita.

"Baba," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Me na yi maka?"

Kafin ya buɗe baki, sai ga manaja yana tsaye a bayanta.

Ofishin manajan ɗan ƙarami ne, kwalayen kofuna sun cinye rabinsa. Mutumin bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Tela ke nan. Tela ya ciro tikitinsa biyu ya ajiye a kan tebur, ya ce shi taimako ya zo yi. Manaja ya juya su da yatsa, ya bayyana masa cewa kuɗin tikiti yawancinsa na masu fim ne, su ake aika wa. Abin da ya rage bai kai kuɗin wuta da na sanyin da ya ji a ciki ba. Gidan nan da gugguru yake rayuwa, da lemo, da mai katifar nan da yake biya a nuna katifarsa.

"Fim ɗin dalilin zama ne kawai, Baba," in ji shi. "Mu 'yan gugguru ne masu babban allo. Ka taɓa shiga gidan abinci da tukunyarka ka raba wa mutane?"

Tela ya ce bai taɓa ba. Ya ce yallaɓai, laifin nasa ne shi kaɗai, yarinyar har roƙonsa ta yi kada ya zo. In hukunci ne a yi masa, zai ɗinka wa ma'aikatan gidan riguna kyauta, ya ga ma ɗinkin na jikinsu duk ya karkace a kafaɗa. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da farantinta cike, ta ƙi kallonsa.

Suna cikin haka aka fara jin hayaniya a waje. Manaja ya buɗe ƙofa. Fim bai yi minti ashirin da farawa ba, amma rabin 'yan kallo sun fito sun yi layi a gaban firiji, suna lasar leɓe. Dattijon nan ya sayi kwalba biyu ya shanye ɗaya a tsaye. Matar mai 'ya'ya uku, wadda ta ce a bari sai an jima, tana riƙe da huɗu. Doguwar yarinya tana ta miƙa lemo hannu bibbiyu, har ta aika a ɗauko na cikin sito wanda ko sanyi bai yi ba, aka saye.

Manaja ya daɗe yana kallo. Ya dawo ya ce wa Tela ko akwai saura. Tela ya kakkaɓe aljihu ya sami 'yan ƙwayoyi. Manaja ya jefa ɗaya a baki, ya tauna, ya runtse ido, ya jawo ruwan da ke kan teburinsa ya sha rabi. Ya ce su ma suna zuba wa gugguru gishiri don wannan dalilin, amma bai taɓa sanin ana iya kaiwa nan ba.

Tela ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, har ya fara murmushi. Auta ce ta tuna masa, ba tare da ta juyo ba, cewa firijin ba nata ba ne.

"Gaskiya ne," manaja ya ce. "Cinikin na waccan ne. Ƙishirwar ta gidanku ce." Ya sosa kai, ya ce yau ba zai yanke komai ba. Auta ta dawo ran Litinin da safe, ta zo da wanda ya zuba gishirin nan. Ya ƙara da cewa Baba kuma ya huta a gida, shi da rigarsa.

A hanya Auta tana gaba, Tela yana binta da kai ba hula, domin hular ba ta dawo ba. Da suka isa ya kwashe labari ya gaya wa matarsa. Ita abin da ta riƙe a ciki ɗaya ne, cewa shekara talatin ana yi mata ƙorafin gishiri a gidan nan, yau ga manaja guda yana nemanta. Ta ciro mayafinta na fita ta rataya tun ranar.

Yau Lahadi. Tela yana zaune a gaban keke, ya zare zare ya mayar ya fi sau biyar. Bai san ko Auta za a riƙe ko doguwar yarinyar ba, bai san ko kiran matarsa na ciniki ne ko na faɗa ba, kuma har yanzu bai san labarin me fim ɗin yake bayarwa ba.