Shukokin Iya Kulsumu

Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki na ji sallama, kafin in amsa har wani mutum ya shigo da tankin feshi goye a bayansa. Tasi'u, ɗan mai gidan da muke haya, yana biye da shi, yana nuni da makullin mota.

"Daga gindin zogalen nan har bangon banɗaki. Kada ka bar komai."

Iya Kulsumu, tsohuwar da ke haya tare da mu, ta kwana biyu ba ta fita ba, ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Amma sai ga ta ta dafo bango ta fito, ɗankwalinta a karkace.

"Tasi'u, don Allah ka dakata. Hantsi ne, ƙudan zuma duk suna kan fure."

"Su nake nema ai, Iya. Ki koma ciki, maganin yana da ƙarfi."

Gidan namu yana bayan kasuwar Kafin Maiyaki. Lokacin da Iya ta kama ɗaki, tsakar gidan juji ne, leda da toka. Ita ta roƙi marigayi Alhaji, uban Tasi'u, ya bar mata gefen bango. Ta shuka lalle da ɗaɗɗoya da riɗi, ta sa kabewa ta hau rufin kicin, ta ajiye kasko da ruwa da 'yan duwatsu a ciki don ƙudan zuma su sha ba su nutse ba. A ƙauyen da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye aka haife ta. Ta ce babanta mai amyar zuma ne, kuma tana kallo ruwa ya rufe ɗorawarsu da amyoyin a kai.

"Idan zuma ba ta taka fure ba, kabewa ba ta yin ɗa," haka take gaya mana. Mu dai tsinka muke yi mu zuba a miya. Babu tukunyar da ba ta ci arzikin shukokin nan ba a gidan.

Sai wani ma'aikaci ya zo duba ɗakin da zai kama haya, ya ga ƙudan zuma, ya fasa. A satin kuma zuma ta harbi 'yar Bushira, maƙwabciyarmu, a tafin ƙafa. Bushira ta buga wa Tasi'u waya tana kuka.

"Zan matsar da kaskon bayan gida," in ji Iya. "Mahaifinka ne ya ba ni izini."

"Allah ya jiƙansa. Yanzu ni ke duba gidan."

Mai feshi ya ja ƙyalle ya rufe hanci. Maganin ciyawa da na ƙwari ya haɗa. Kafin la'asar ƙasa ta yi baƙi da ƙudan zuma, wasu na juyi a kan bayansu. Na ɗauko tsintsiya, Iya ta riƙe min hannu.

"Kada ki share su da shara, Luba. Kaji za su ci."

Ta zauna dirshan tana tsince su tana zubawa a haɓar zaninta. Ni na haƙa mata rami.

Daga ranar ba ta sake fitowa da ƙafarta ba. Mijina Ghali ya goya ta a babur zuwa asibiti, aka ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana cin ta. Ba zan ce feshi ne ya kashe ta ba. Amma ni nake kai mata kunu, na san ranar da ta daina shanyewa.

"Luba, kin ji gidan?"

"Me ya samu gidan, Iya?"

"Shiru."

Tasi'u ya zo duba ta da ledar lemo. Ya tsaya daga bakin ƙofa saboda warin ɗakin.

"Sannu, Iya. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Lallen bai mutu ba, na gani ta taga. Shi kaɗai za ka bar min."

"Ki warke tukuna, Iya, ma yi magana."

Ranar Alhamis da hantsi ta cika, ina shafa mata man zafi a ƙafa. Bushira ta fi kowa kuka. Ɗan Iya, Muhuyi, yana kudu yana dako, sai bayan an kai ta ya iso. Ya ɗauki akwatinta ya ba ni tabarmarta.

A wurin zaman makoki na ji Tasi'u ta katanga yana cewa, "Wallahi uwa ce a gare mu, tare da ita gidan nan ya tashi." Tun ba a yi sadakar bakwai ba aka sauke yashi a ƙofar gida. Lallen ya ba leburori wahala, sai da suka aro gatari. Suka daɓe tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango.

Washegari magini ya zo yayyafa wa daɓen ruwa don kada ya tsage. Ina tsaye da bokiti, babu inda zan taka. Wasu ƙudan zuma, ban san daga ina ba, suka sauka a wurin da ya jiƙe suna sha. Rana ta ɗaga, wurin ya bushe, suka tashi suka haye katanga.