Giyar da Ta Daskare a Firjin Saratu

Shekara uku bayan sojoji sun koma bariki, giyar kwalba ta yi wuyar samu a Wudil. Elisha, malamin aikin gona a jami'ar garin, bai kai kuka wurin kowa ba. Ya jiƙa dawa ta tsira, ya dafa, ya sa shuwaka don ɗaci, ya ɗura a jarka a ɗakin ajiya na bayan gida. A jikin jarkar ya rubuta "Bincike".

Ba 'yan Hisba yake tsoro ba. Matarsa Saratu ce shugabar zumuntar mata a majami'arsu. Ta faɗa masa sau ɗaya, ba ta maimaita ba: ranar da ta sake jin warin giya a gidan, za ta ɗauki 'yarsu Alheri su koma Kagoro.

Giyar tana bugarwa yadda ya kamata. Aibinta ɗaya, launinta na ruwan kogi ne da damina. Abokinsa Victor, malamin lissafi, shi kaɗai ke taya shi sha, shi ne kuma mai ƙorafi.

"Mutumina, wannan giya ce ko kunu? Miƙo ludayi mana."

"In ba ka so, ajiye."

"Ni ina so. Idona ne ba ya so."

Victor ya je Kano ya dawo da labari. Turawa na da wani abu kamar garin fulawa, wai shi jelatin. Rabin cokalin shayi ake zubawa a sa a sanyi, dattin ya kwanta a ƙasa, giya ta fito garau. Ba mai sayar da shi a Wudil. Amma, in ji Victor, ba komai ba ne illa abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce.

Ƙafar saniya kuwa ba a wahalar nemanta a Wudil. Ranar Juma'a Saratu ta tafi taron mata a Kano da niyyar dawowa Litinin. Elisha ya shiga kasuwa wurin Maikano mahauci.

"Ƙafa huɗu, Malam? Suna za a yi?"

"Bincike."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ga ganda gyara, ita ma a bincike ta."

Ya dafa har romon ya yi kauri, ya tace. Sai maganar awo. Rabin cokali daga ƙafa huɗu ya yi masa kama da almubazzaranci, kuma a ganinsa abin da kaɗan ya gyara, mai yawa zai fi gyarawa. Ya juye giyar a babbar roba mai murfi, ya tuttule romon duka a kai, ya tura ƙasan firji. Wutar lantarki, wadda ba ta saba ba, ta zauna daram har Lahadi.

Ranar Lahadin ya tsaya taron maza bayan sujada. Da ya iso gida, ya ga robar a bakin ƙofa, an wanke ta an kife. Ƙamshin miya ya cika tsakar gida. A falo, Fasto Ishaya, shugaban majami'ar, yana wanke hannu.

"Maman Alheri, kin dawo?"

"Taron ya tashi da wuri, Baba Fasto ya rage mini hanya daga tasha," in ji Saratu. "Na buɗe firji na ga ka yi mana romo. Ya daskare sai da na sa wuƙa. Duk zamanmu ban san ka iya kunna risho ba."

Ta riga ta zuba wa romon manja, daddawa, tattasai da busasshen kifi. Yanzu yana cikin kwano a gaban Fasto, kusa da tuwon shinkafa.

Fasto ya yi addu'a doguwa. Ya ci malmala ɗaya, ya jawo ta biyu.

"'Yata, na ci miyar shuwaka a gidaje da yawa. Wannan tana da wani ɗan tsami can ƙasa. Mene ne sirrin?"

"Ba ni ba ce, Baba. Baban Alheri, gaya wa Baba abin da ka zuba."

Elisha ya haɗiye lomarsa. "Ƙafar saniya. Ganda. Shuwaka."

"Sai me?" in ji Saratu.

"Dawa kaɗan."

"Dawa a romo?" in ji Fasto.

"Don kauri, Baba."

Saratu ta daɗe tana dubansa. Ba ta tambaye shi ko dawar ta tsira ba. Maganar tafiya Kagoro ma ba ta taso ba.

Fasto ya suɗe yatsunsa, ya ce baiwa irin wannan ba ta gida ɗaya ba ce. A Kirsimeti zumuntar mata za ta ciyar da ikilisiya gaba ɗaya, kuma yana so Elisha ya yi romon.

"Zai yi, Baba," in ji Saratu. "A gabana zai dafa, daga farko har ƙarshe. Ina so in ga yadda ake sa dawar."

Ta ɗaga ludayi ta cika kwanon mijinta har baki.

"Ci, Baban Alheri. Kai ka sha wahalarsa."