Danƙon Gamji da Tulun Iska

Ni na jefa uwar maƙerar gidanmu a ruwa, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Ƙarfen nan a kansa kakanmu ya yi ƙira, a kansa babanmu ya yi. Yaya Labaran ya ce in kai ƙarfen can Kurfi bisa jaki, zai biyo ni ya ƙera wa mutane garemani kafin damina. Na tsaya shayar da jakin a wani kwarmin dutse da ba ya ƙafewa ko da bazara, sai hankalina ya tafi kan wani ƙadangare mai wutsiya biyu. Jaki ya zame, mangala ta karkace, na ji cunjum.

An zura gora uku a ɗaure, ba ta taɓa ƙasa ba. Yaya bai zage ni ba. Shiru kawai ya yi mini, kwana tara, zugazugi na rataye a bango.

A lokacin akwai wani Bature mai auna ruwan ƙasa da ya sauka a Dutsin-Ma, ina yi masa ɗan tafinta da Turancina na aji biyu. A akwatinsa na taɓa ganin tulun ƙarfe mai mesa biyu, wai iska ce aka ɗura a ciki, mutum ya goya ya shiga teku yana numfashi kamar kifi. Na je na roƙe shi. Shi kunnensa na ciwo, ba zai shiga ba, amma ya yarda ya koya mini a inda ruwa bai wuce ƙirji ba.

Wurin robar baki aka samu matsala. 'Yar aba ce baƙa mai kunnuwa biyu, ka ciza da turamen haƙora, ka rufe leɓe, iska ta zo. To ni turamena na hagu tuni wannan jakin ya zubar da su da shuri. Baturen yana da roba biyu. Babbar ta yanka mini dasashi har na tofar da jini. Ƙaramar ta zauna, amma da na nutsa sai ta sulluɓe ta gefen giɓi, na sha ruwa na taso ina tari. Baturen ya ce a haƙura.

Matar Yaya, Azumi, ta karɓi ƙaramar ta jujjuya ta.

"Mijina Ɗan'auta, buɗe bakin nan in gani. Kai! Rabin gari kango ne."

"Ki yi a hankali, Azumi, kayan Bature ne."

"Bature ya san bakinka ne? Don bakinsa ya yi."

Ita ce mai liƙe wa matan unguwarmu ta Maƙera ƙwaryar da ta tsage. Ta ɗauko danƙon gamji ta jefa a ruwan zafi, ya yi laushi, ta naɗa shi a kunnen robar na hagu, ta ɗaure da zare.

"Ciza. Ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai a zuci, kada ka motsa haɓa. Yau dai gidan nan ya huta da surutunka."

Da ta tsoma shi a randa ya daskare, sai ga siffar dasashina a jiki, kwari da tudu. Na mayar baki, ya zauna kamar da shi aka haife ni. Baturen ya daɗe yana duba shi, ya ja, ya murɗa, sannan ya gyaɗa kai.

Da hantsi na sauka cikin kwarmin, tulu a baya, igiya a ƙugu, Yaya na riƙe da bakinta.

Allah mai iko. Ban san akwai shiru irin wannan ba. Rana ta bi ni ƙasa a tsaye, dogaye-dogaye, koriya kamar ganyen rama. Numfashina na fita yana hawa sama kamar tasoshin azurfa, suna rawa, suna fashewa can nesa. Wata tarwaɗa mai tsawon hannuna ta zo ta tsaya daidai gilashin da Baturen ya ɗaura mini a fuska, muka dubi juna, gashin bakinta na lilo. Na so in ce Subhanallahi, na tuna bakina a cike yake, na ƙara cizon danƙo na faɗa a zuci. A ƙasa akwai tulunan matan da babu wanda ya san sunansu yanzu, suna zaune cikin laka lafiya lau, ƙananan kifaye na shiga suna fita.

Da ba don Yaya ya fizgi igiya ba, da na manta abin da ya kawo ni. Uwar maƙera na nan kusa da ƙafata, rabi a laka. Na kwance igiyar na ɗaura mata, na ja sau uku, na biyo ta sama a hankali yadda aka koya mini.

Maza shida suka fito da ita. Yaya ya share ta da bakin rigarsa, ya ɗauki masaba ya buga sau ɗaya. Ƙarar ta zaga duwatsun ta dawo.

"Ɗan'auta," ya ce, "me ka tsaya kallo kuma a can?"

Na miƙa wa Baturen robarsa.

Baturen ya ɓamɓare danƙon ya bar mini. Yana nan cikin gafakata. Gefe guda akwai sawun haƙori ɗaya da ya rage a lokacin, wanda shi ma yanzu babu shi.