Jan Layi a Tsakar Gida

Ni na raɗa mata Kaska, kuma duk wanda ya ga yadda take maƙale wa ubanta ya san ban yi mata ƙazafi ba. Uban nata ƙanena ne. Gida ɗaya muke tun rasuwar mijina, shi da matarsa a ɗakin gaba, ni a na kusa da banɗaki, inda ba abin da ke wuce ni. Yarinyar ba ta isa shiga makaranta ba, amma ta san ƙarar kekensa a cikin duk kekunan unguwa. Da ta ji shi sai ta watsar da abin da ke hannunta, ta kwasa a guje ta ɗafe masa wuya tun bai jingine keken ba. Ta cusa fuska a rigarsa, ta cire hularsa ta kifa a kanta, ta shiga laluben aljihu. Shi kuwa sai washe baki.

"Kai da 'yar nan, ko ɗinke ku aka yi sai haka," nakan ce masa.

"Yaya, kishi ne kawai ke damunki."

Aikinsa fasa tsofaffin baturan mota. Na taɓa kai masa saƙo wurin, ban ƙara marmarin komawa ba. Fili ne da rumfar kwano. A sare batir da gatari, a tsiyaye ruwansa, a zaro farantan dalmar da ke ciki a narka su a wata ƙatuwar tukunya. Ƙura mai launin toka ta kwanta a kan komai, har girar mutane. Ruwan batir ya mayar da rigunansa rariya, ni ke yi musu faci ina mita, yana yi mini dariya.

Sai Kaska ta fara canjawa. Yau ciwon ciki, gobe ta ƙi abinci, jibi ta wuni tana kuka ba dalili. Yarinyar da surutunta ke hana mu jin rediyo ta koma sai an yi ta kiranta kafin ta waiwayo. Na ce tsutsar ciki ce, uwarta ta ce zafin gari ne, kowa da ilminsa. Ranar da ta sandare a hannuna, idanunta suka juye, ranar ilmin kowa ya ƙare, muka yi asibiti.

Da sakamakon gwajin jini ya fito, likita ya dubi ƙanena ya tambaye shi sana'arsa. Ya faɗa masa.

"Gubar dalma ce a jininta," in ji likita.

"Likita, ai ko hanyar wurin aikina ba ta sani ba."

"Ba sai ta je ba. Ƙurar tana biyo ka gida, a rigarka, a hularka, a gashin kanka. Tana taɓa ka in ka dawo?"

Ƙanena ya buɗe tafin hannuwansa yana kallo kamar yau ya fara ganinsu. Ni na yi kukan a madadinsa, har wata nas ta ce in fita waje.

Asibiti suka sanar da hukumar kula da muhalli, aka turo wata mata mai takalmin roba da haƙurin bayani. Ta sa aka fitar da katifarsu da tabarmi, aka goge ɗaki da tsumma mai laima, ta hana mu shara da tsintsiya don kada ƙurar ta tashi. A bakinta muka koyi sababbin kalmomi: abu mai haɗari, gurɓataccen wuri, kayan kariya. Wanda ta fi nanatawa shi ne ɓangaren datti da ɓangaren tsabta. Ta ce a wurin aiki dole a raba su, ma'aikaci ya tuɓe kayan aiki a ɓangaren datti, ya yi wanka, sannan ya tsallaka ya sa kayan gida.

Mai wurin ya ga ba wasa, ya sayo takunkumi da safar hannu, ya sa aka ja layi da jan fenti a ƙasan rumfar, ya gina wurin wanka. Famfon ne dai ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Ni kuwa na ce wurin wankan da ba ruwa ai ɗakin ajiye bokiti ne. Ƙanena ya nemi wani aikin har takalminsa ya gaji, bai samu ba.

Shi ne ya roƙi ragowar fentin ya zo da shi gida. Ya durƙusa ya ja layi a siminti, daga ƙofar gida har ƙofar banɗaki. Can gefen layin keke ne da takalma da bokiti mai murfi na zuba kayan aiki. Wannan gefen mu ne. Ya ce in ya dawo, ba mai tsallakawa sai ya yi wanka.

Kaska ba ta san an yi doka ba. Washegarin da aka sallamo ta, ta ji ƙarar keke, ta miƙe da ƙafafunta da suka rame ta nufe shi hannuwa a sama.

"Tsaya! Kar ki taɓa ni!"

Tun da uwarmu ta haife shi ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Yarinyar ta ƙame a inda take. Shi kuma ya ja da baya har ya jingina da bango. Na sunkuce ta, sai da muka shiga ɗaki kukan ya samu hanyar fitowa.

Haka aka yi ta yi kullum. Ta manta ta taho, ya daka mata tsawa. Wata rana ta kuɓuce mini, saura ƙiris ta kama wandonsa, ya tunkuɗe keken ya faɗi a tsakaninsu.

"Haba kai kuwa," na ce masa daga baya, "ka sassauta murya mana. Yarinya ce."

"Yaya, in na sassauta tahowa za ta yi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Mu ma ɗin ba mu da wata waƙa sai "kar ki taɓa Baba, an hana." Abin da ya fi ba ni tausayi, ko bayan wankan bai yarda da jikinsa ba. Ya dirje fatarsa da soso har ta yi ja, ya fito yana duba ƙarƙashin farce, ya zauna can nesa da ita yana kallonta tana shan magani. In na miƙa masa ita sai ya ce, "Bari dai sai jinin ya gyaru." A hankali ta daina tashi in ya shigo.

Bayan watanni muka koma gwaji, likita ya ce dalmar ta ragu sosai. Maganar da ta ɓace mata kuwa, wata za ta dawo, wata sai yadda Allah ya yi. Da ya ji yadda ake ciki a gida, ya yi wa ƙanena faɗa. Ya ce mutumin da ya yi wanka ya sauya kaya ba abin da zai sa mata, ya ɗauke ta, ya yi mata wasa, ya yi ta mata hira, wannan ma magani ne.

Ranar ƙanena ya dawo daga aiki da wuri. Ya yi wankansa, ya sa farar rigar da na goge masa, ya tsallako. Kaska tana tsaye kusa da ni tana wasa da murfin kwalba. Ya tsuguna a gabanta ya buɗe hannuwa.

"Zo, 'yar Baba. Na yi wanka, kin gani? Zo."

Ta dube shi. Ta ajiye murfin a hankali, ta mayar da hannuwanta biyu baya ta riƙe.

"An hana," ta ce.

"Likita ya ce an daina hanawa. Zo mana."

Ta ja da baya taki ɗaya, ta ƙara wani, har ta shige bayan zanena.

"Yaya, ke ki gaya mata," ya ce da ni.

Na gaya mata. Uwarta ta fito ta gaya mata. Na kama hannunta zan kai kan kafaɗarsa, ta fisge, tana kallona kamar ni ce ban da hankali. Ba rigima take yi ba, biyayya take yi, irin wadda muka koya mata.

Yana nan tsugune, hannuwansa a buɗe, har suka gaji ya sauke su a kan gwiwa.

"Ƙyale ta, Yaya," ya ce. "Ta ji magana."