Mai Busa Wa Matattu

Bana duk ɗan Asiyan da ya nemi shiga makarantarmu ta likitanci hawan dutse yake yi. Na ƙirga, takardu goma sha huɗu. Babu mai goge, babu mai fiyano. Ni kuwa, wadda iyayena 'yan Koriya suka dasa gaban fiyano tun ina shekara biyar, abin ya ɗaure mini kai. Ina makaɗan suka shige?

Na kai maganar gaban Dakta Whitlock, shugaban kwamitinmu na ɗaukar ɗalibai.

"Sohee, kin cika bin diddigi," in ji shi. "Ai gara haka. Na gaji da masu cinye jarrabawa da ba su san komai ba sai littafi da goge."

"Har da ni ke nan?"

"Haba, ke ai daban ce."

Shekara tara yana gaya mini ni daban ce, har yau bai faɗi da wa na bambanta ba.

Gurbi ɗaya ya rage, kuma Whitlock ya riga ya so Neng Kue, ɗan ƙabilar Hmong ta Asiya daga garin Fresno, saboda dutsen nan. Ni aka ba ganawa da shi. Ya shigo da kwat da ta ɗan yi masa yawa, ya zauna a bakin kujera.

"Wane dutse ka hau kwanan nan?"

Ya ambaci wani.

"Da wace irin igiya?"

Ya dubi tafin hannunsa. "Doguwa, Dakta."

Dariya ta ƙwace mini. Shi kuwa kunnuwansa suka yi ja.

"Neng, ba kama ka nake son yi ba. So nake kawai in sani. Me kake yi Asabar da Lahadi?"

Ya gyara zama. Can ya ce mai ba su shawara a jami'a ne ya ce kada ya kuskura ya rubuta kayan kiɗa, duk ɗan Asiya na da su, ya nemi abin da zai fitar da shi daga cikin taro. Sau ɗaya abokai suka taɓa kai shi dutse, shi ne ya rubuta.

"To me kake kaɗawa?"

"Busawa nake. Sarewar gora ce mai bututu shida. In mutum ya rasu a cikinmu, ita ke gaya masa hanyar komawa wurin kakanni. Kwana uku ake yi. A danginmu matasa biyu ne muka rage da muka iya."

"Gawa nawa ka raka?"

"Arba'in da ɗaya. Amma ba a faɗa, Dakta. Ba abin yabon kai ba ne."

Na manta da agogo. Na tambaye shi yadda ake zama da matar da gawar mijinta ke kwance a gabanta. Ya ce ba a cika ta da magana, ruwa ake miƙa mata, a tabbata ta sha. Wallahi akwai manyan likitoci a asibitinmu da ba su san wannan ba.

Ranar zaman kwamiti na zayyana musu komai, murna fal cikina. Na ɗauka zinariya na kawo musu.

Whitlock ya cire tabarau. "Wato dai bai hau dutsen ba."

"Sau ɗaya ya hau. Amma ka ji abin da..."

"Na ji. Ƙarya a takarda, sannan kayan kiɗa." Ya juya ga sauran yana murmushi. "Ban gaya muku ba? Ka tona kowannensu, sai ka tarar da kiɗa a ƙasa."

Na yi faɗa har muryata ta shaƙe. Aka ɗaga hannu: huɗu suka ƙi shi, uku muka so shi.

Bayan mako biyu wasiƙar Neng ta zo, layi uku. Godiya yake mini, wai ni ce mutum na farko a makarantar likitanci da ya taɓa tambayarsa abin da yake yi da gaske. Na karanta a tsaye, kunya ta hana ni zama. Da na riƙe bakina ranar nan, da yanzu yana aji.