Sunan da Ke Kan Kabarin Dairo

Eustorgio Pertuz ya ara wa ƙanensa katin asibiti, ƙanen ya mutu da sunan wan. Daga nan komai ya lalace.

Eustorgio lebura ne a wata gonar ayaba a bayan garin Ciénaga, ana yankar masa kuɗin inshorar kamfani a albashi. Katin ya haɗa da matarsa Ledys mai ciwon suga, da shi take karɓar allurarta duk wata. Ƙanensa Dairo ɗan acaɓa ne, katinsa na gwamnati ne, irin na talaka. Ƙaba ta fito wa Dairo har zaman babur ya gagare shi. Ya yi ta sintiri a asibitin unguwa. Ranar da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar asibitin ta duba na'ura mai ƙwaƙwalwa ta ce ai tun bara aka yi masa aikin, gwamnati ma ta biya.

"Na ɗaga mata riga, Yaya," in ji Dairo, yana tsakurar dafaffen rogo a gidan wansa. "Na ce baiwar Allah, nuna mini ɗinkin. Ta ce ita ba ciki take dubawa ba, na'ura take dubawa."

"Wato an yanka ka ba ka farka ba," in ji Ledys. "Dama na san nauyin barcinka."

Suka yi dariya, Dairo na dafe da mara. Eustorgio bai yi ba. Ya zaro katinsa da na shaidar ɗan ƙasa ya ajiye kusa da kwanon. Kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara.

Ledys ta daina dariya. "Maigida, katin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Allurata na ciki."

"Mai asibiti ya ci kuɗin aikin da bai yi ba, yana yawo a mota. Ni don na ara wa ɗan'uwana kwali? Wa ba ya yi a gona?"

A asibitin kuɗi suka karɓi Dairo babu tambaya. Da suka buɗe shi, hanjin ya riga ya ruɓe. Bai kai ƙarshen mako ba.

Wata nas ta sami Eustorgio a baranda, ta ce, "Kai ne ɗan'uwan marigayi Eustorgio?"

Ya san in ya faɗi gaskiya za a riƙe gawar, a kira 'yan sanda, ga tsohuwarsu Etelvina na jiran ɗanta a gida. Ya ce shi ne.

A maƙabarta aka tura akwatin gawar cikin ramin bango yadda ake binne mamaci a can, magini ya toshe da bulo ya shafe da siminti, ya miƙa wa Eustorgio ƙusa ya rubuta suna kafin ya bushe.

"Rubuta Dairo," in ji tsohuwa.

Mai gadin maƙabarta ya ce sai sunan da ke kan takarda, in ba haka ba aikinsa ne zai tafi. Eustorgio ya durƙusa ya rubuta sunan kansa. Hannunsa bai iya rubutu sosai ba, haruffan suka karkace.

"Biyu na haifa," in ji Etelvina. "Ka binne mini su rana ɗaya."

Da aka tashi daga zaman makoki ya koma gona. Abokan aiki suka ce ga gawa ta zo yankan ayaba, wani ya tambaye shi ko ana biyan albashi a lahira. Manaja bai yi wasa ba. Kamfanin inshora ya riga ya rufe katin mamaci, shi kuma ba zai ajiye mazambaci ba. Ya sallame shi.

Suka nemi katin gwamnati. Aka ce shi matacce ne, ita kuma sunanta bai fita daga na kamfani ba tukuna, su jira. Lauya ya ce tayar da mutum daga takarda sai kotu, kotu kuma sai haƙuri, wataƙila da ɗauri.

Eustorgio ya hau babur ɗin Dairo. Ran da aka samu, a sayi allura. Ran da ba a samu ba, Ledys ta jiƙa ganyen da maƙwabta suka kwatanta mata. Ko sau ɗaya ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Da damina ta taka kwalba a bayan gida. Ciwon bai kai kan yatsa girma ba, ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya haura. A asibitin unguwa, inda aka yi wa Dairo aiki a na'ura, aka yanke mata ƙafar dama daga gwiwa.