Yawon Dole da Tsoho Gu

Duk sanda manya za su yi babban taro a birni, sai a turo Tsoho Gu ya ɗauki Shen Qiaolan yawon shaƙatawa. Shaƙatawar me! Ɗan sanda ne, aikinsa ya nisanta ta da jama'a har a watse. 'Yar jarida ce mai taurin kan tsiya. Tun da ta fara tono maganar masana'antar rini da ke zuba dagwalo a kogi aka rufe mata shafinta na intanet. Abin da ke ci mata rai shi ne labarin ya tsaya, domin duk ƙauyukan bakin kogin an rasa mutum ɗaya da zai yarda ya yi magana da sunansa.

Sun ga teku tare, sun hau duwatsu. Ta san ciwon gwiwarsa, ya san ba ta cin tafarnuwa.

"Malama Shen, kawo wayar," in ji shi, ranar da ya sake zuwa ɗaukarta a mota.

"Ungo, mai gadina. Yau kuma wane dutse za ka ja gurguwar ƙafar nan ka hau?"

Ko murmushi bai yi ba. Ya tuƙa har suka bar kwalta, suka bi gefen wani ruwa ja mai wari. Nan take ta gane kogin.

A wani gida suka tsaya. Wata tsohuwa ce zaune, ta rame, hannayenta duk gyambo. Gu ya shiga ciki ya fito da shayi. Shekara da shekaru yana kiran Shen "shan shayi" a ofis, ya turo mata kofi da bayan hannu kafin ya fara tambayoyi. Yau kuwa a tsaye yake, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, yadda mai roƙo ke yi wa na gaba da shi.

"Yayata ce," ya ce. "Za ta faɗi sunanta."

Ya ajiye wayar a gabanta, ya sake miƙo mata kofin.

Tausayinsa ya kama ta. "Tsoho Gu, ka san korarka za a yi. In ma abin ya tsaya nan."

"Na sani. Ita ta goya ni."

Shen ta karɓi shayin da hannu biyu ta kurɓa, duk da ta san inda aka ɗebo ruwan. Sannan ta kunna wayar, ta matso da kujera.

"Yaya, tun yaushe kogin ya yi ja?"